Sule da Fam a Kasuwannin Boɗinga da Shagari

Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, da wuri ake ciniki a Boɗinga, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, haka kuma a Shagari, wadda ke kudu da ita a kan hanyar Jega. Sannu a hankali Gwamnati ta ƙi karɓar haraji da jangali sai da kuɗin ƙarfe. Wannan ya tilasta wa kowane magidanci neman sule, ko yana so ko ba ya so.

To, daga ina sulen ke fitowa? Cikin 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mazauninta London, aka ɗora mata yi wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Sulallanta masu hoton kwakwa suka fito 1913, takardun kuɗi 1916. Ka'idarta ɗaya ce, ba ta kuwa tanƙwaruwa: fam ɗinta daidai yake da fam na Ingila, kuma ba ta fitar da fam a nan sai an ajiye mata fam a can.

Ga yadda abin ke tafiya. In kaka ta yi, kamfanonin Turawa sukan biya Hukuma fam na Ingila a London, bankin da ke wakiltarta ya ba su sulalla a Ikko. A yi ta lodin akwatuna cikin jirgin ƙasa, wanda ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga can 'yan baranda su bi ƙauyuka suna sayen gyaɗa da auduga da fatun jan awakin Sakkwato. Da rani kuma kuɗin su juya: na haraji ya tafi baitulmali, na akoko da gishiri da kananzir ya koma kanti, kamfani ya mai da su banki ya karɓi fam ɗinsa a London. Watau yawan kuɗin da ke yawo a kasuwar Boɗinga ba Sarkin Musulmi ke yanke shi ba, ba kuma Razdan ba, farashin gyaɗa a Turai ne.

Tsarin yana da amfaninsa. Gwamnati ba ta da ikon buga takarda don ta biya bashi, saboda haka mai binne sule a tukunya yakan tone shi da darajarsa. Falke kuwa yakan ɗauki sulen Shagari ya sayi goro da shi a Kumasi, ba canji, ba ragi.

Amma tsananin da ya sami cinikin duniya daga 1929 ya nuna wanda ke ɗaukar nauyin. Kuɗin gyaɗa ya faɗi, bai kai rabin na da ba. Kamfanoni suka rage saye, sulalla suka daina hawowa, na hannu kuma suka yi ta zurarewa kudu. Ƙasa mai babban bankin kanta takan rage darajar kuɗinta ko ta ƙara yawansu, a raba wahala tsakanin kowa. A nan ba dama. Sai dai kome ya yi araha, hatsi da dabba da ladan ƙwadago, har sayen kayan waje ya ragu daidai da abin da ake samu. Haraji kuwa da sule aka yanka shi, bai sauka kamar yadda gyaɗa ta sauka ba. Manomin da damin gero kaɗan ke isarsa biya sai ya buɗe rumbu, ko ya kai akuya kasuwa. Samari na Lardin Sakkwato suka yi ta tafiya cin rani da ƙafa, waɗansu gonakin koko na ƙasar Yarabawa da Gwalkwas, waɗansu haƙar kuza a Jos, su komo kafin shuka da kuɗin haraji ƙulle a lalita. Ajiyar Hukuma tana can London, galibinta an ba da ita rance ga Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

Ko a 1949, da Ingila ta rage darajar fam daga dalar Amurka 4.03 zuwa 2.80, sulen Boɗinga ya bi shi ba shawara.

Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, kuɗinsa suka maye gurbin na Hukuma. Da Ingila ta sake rage fam cikin 1967, Nijeriya ta ƙi bi. Naira ta fito ran 1 ga Janairu 1973, Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a lokacin kuwa Alhaji Shehu Shagari ne, wanda aka haifa a Shagari cikin 1925.