Wane Ne Ya Kori Baduku Daga Kasuwar Sallah?

Duk wanda ya taɓa kwana a nan Araba a daren Lahadin ƙarshe kafin Sallah ya san ba a yin barci mai nauyi. Tun kafin a kira assalatu ake jin kukan tumaki da ƙarar amalanke da babura, kowa ya doshi Illela, domin Lahadi ce ranar kasuwa, kuma wannan ita ce kasuwar da ba a fashinta. Magidanci zai nemo ragon layya ko turmin atamfa, saurayi zai haɗa toshin budurwarsa, uwa kuma tana lissafin takalman yara huɗu da kuɗin da bai isa na uku ba. Mu malaman makaranta mun saba, idan wannan mako ya kama sai aji ya koma rabi, wani ya tafi riƙe wa mahaifinsa igiyar rago, wani yana shagon tela yana ɗaura maɓalli.

Idan aka taso da yamma kuma, hirar ƙofar masallaci ɗaya ce kowace shekara: kasuwar bana ba ta yi armashi ba. Wani ya ɗora laifin a kan iyaka, wani a kan tsadar sefa, wani a kan gwamnati. Dukkansu suna da gaskiyarsu. Amma mun daɗe muna lura da wani abu da ba a cika ambata ba. Ko a shekarar da kasuwa ta cika ta batse, za ka zagaya ka gaji kafin ka sami abu biyar da hannun mutumin wannan ƙasa ya yi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga ina baduku da masaƙi da marini suka shiga.

Kafin a ja layi

Abu na farko da ya kamata matasanmu su sani shi ne, cinikin Sallah a wannan yanki ya girmi iyakar da ke tsakaninmu da Ƙonni nesa ba kusa ba. A nan arewa da mu, a Maratta, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma garin yana cikin Nijar a yau. A wancan zamani mutumin Adar da na Gobir da na Kabi ba su san wata takarda da ake nunawa kafin a ci kasuwa ba. Buzaye kan gangaro da gishiri da dabino da dabbobi, su koma da gero da baƙin rawani mai ƙyalli irin na Kura ta ƙasar Kano. Fatake kuma kan yi watanni a hanyar Gwanja, can cikin Gana ta yanzu, su dawo da goro a bisa jakuna. Wahalar wannan hanya ce ta sa goro ya zama kyautar girmamawa. Har yau kuɗin da muke miƙa wa yaro ranar Idi goron Sallah muke ce masa, ko da yaron bai taɓa tauna goro ba.

Bayan an kafa birnin Sakkwato a 1809, sana'ar hannu ta sami gata daga sama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke kan shugaba, ya kuma yi nuni da a tabbatar kowane gari yana da nasa. Sunayen shiyoyin Sakkwato shaida ne, ga Marina, ga Madunka, ga Maƙerar Assada. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shiga kasuwar birnin a 1853, ya kuma yaba da kayan fata da na ƙarfe da ya gani. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta ƙetare Sahara ta isa Turai, sai dai can ana kiranta da sunan Maroko, domin ta hannun 'yan kasuwar can take isa gare su.

To, me ake saye da Sallah a wancan lokaci? Abin da muka ji daga kakanninmu, kuma muka riski ɓurɓushinsa muna yara, shi ne kusan komai daga unguwa yake fitowa. Mata su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tura, mabugi ya buga har ya yi sheƙi, sannan maɗinki ya zauna da allura. Baduku ya yanka takalmi daidai da ƙafar mai shi, ya yi zabira da gidan laya da tandun kwalli. Maƙerin fari ya yi awarwaro da zobe. Mata su saƙa faifai mai launi da za a rufe ƙwaryar tuwon Sallah a kai gidan surukai. Hawan Sallah shi kaɗai kan ba sirdawa da maƙera aikin watanni. Babbar Sallah kuma ita ke ciyar da majema, domin fatar ragon layya ba ta fita gari, nan take zama buzun salla ko guga ko salka. Wato kuɗin da magidanci ya kashe, wuri ne a lokacin, kewaya gari yake yi ya dawo.

Zuwan iyaka

Turawa ne suka zo da layi, kuma ba su zo da shi cikin lumana ba. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka yi yarjejeniya, aka zana baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar Sakkwato, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Da haka ta tabbata, da Ƙonni tana cikin Nijeriya. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yanzu tsofaffi ba sa son tunawa. A watan Maris na 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Daga nan Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamu. Ta haka aka wayi gari wa yana biyan haraji ga Ingilishi, ƙane yana biya ga Faransawa, alhali gonakinsu na kallon juna.

Iyakar ta kawo kuɗi iri biyu. A wannan ɓangare wuri ya ba da wuri ga anini da kwabo da sisi da sule, har aka zo kan naira a 1973. A wancan ɓangare aka fito da sefa a 1945. Amma abin lura shi ne, layin bai kashe kasuwa ba, sai ma ya haifi sababbin sana'o'i. Bambancin farashi tsakanin ƙasashen biyu shi ya raya 'yan canji da dillalai da masu fito, shi ya mai da Illela babbar mahadar dabbobi, inda uda da balami da shanun Azawak ke sauka kafin a loda su zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal.

Shekarun rufewa

Ba mu musa cewa iyaka ta sha ɓata wa mutane Sallah. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki ta kuma canza launin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986, ga shi an haɗu da fari da yunwa. Iyayenmu kan ba da labarin yadda aka riƙa kai wa 'yan'uwa hatsi da kayan Sallah ta hanyar gona cikin dare. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dillalanmu suka yi ta murna domin rago ya yi araha a hannunsu, makiyayin can kuwa ya ga kuɗinsa ba ya sayen rabin abin da ya saba. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, Sallolin 2020 duka biyu suka zo a cikin kulle ga kuma annobar korona, sai a watan Disamba na wannan shekara aka buɗe ƙofar Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma garƙamewa har zuwa watan Maris na 2024. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah, magidanta da yawa suka yi layya da abin da ba su yi niyya ba. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana makiyaya da manoma sakat a gabashin jihar nan.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mu duba da kyau. Duk lokacin da aka buɗe iyaka, raguna kan dawo, 'yan canji kan dawo, motoci kan dawo. Wanda bai dawo ba shi ne masaƙi, kuma ba a shekarun kulle ya tafi ba.

Abin da ya faru a cikin lefe

Masaƙi ya fara ja da baya ne tun da akoko da atamfar Turai suka cika kantuna a zamanin mulkin mallaka. Daga baya masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau. Aƙalla a lokacin audugar manominmu ce ke shiga, 'ya'yanmu ne ke aiki. Su ma ba su ɗore ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar Sin suka durƙusar da su, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Wani kaso mai yawa na wannan atamfa ta Kwatano yake sauka, ya hau Nijar, ya gangaro ta irin waɗannan iyakoki namu. Ashe ke nan a shekarun da ƙofa ke buɗe, muna murna, a lokacin ne kayan da suka ture namu suka fi shigowa.

Haka abin ya bi sauran sana'o'i ɗaya bayan ɗaya. Takalmin roba ya kori faɗe. Kwanon samira ya kori ƙwarya da akushi, shi ma kula ta zo ta kore shi. Leda ta maye gurbin faifai, jarka ta maye gurbin salka. Fatar layya yanzu dillali ke bi gida gida yana tarawa, a zuba mata gishiri, a kai masana'antun jima na Kano, daga can a tura Italiya da Sifen. Tana iya dawo mana a matsayin takalmin da ba mai iya saye sai attajiri.

Sai dai akwai waɗanda suka tsira, kuma a nan darasin yake. Tela yana nan, har ya fi da ƙarfi, domin babu masana'antar da ta san faɗin kafaɗar ɗanka. Mai lalle da makitsiya suna nan, domin ba a aiko da kitso cikin kwali. Mai ɗinkin hula da mai wankinta suna nan. Mai kiwon rago a bayan ɗaki yana nan. Duk sana'ar da ke buƙatar jikin mai saye ko sanin halinsa ta rayu. Wadda inji zai iya kwaikwaya ya sayar da rahusa kuwa ta tafi, ko tana kan hanya.

Ba za mu zargi talaka ba. Uwar da ke da yara huɗu ba za ta sayi takalmin fata ɗaya ta bar uku ba takalmi ba. Amma mu ma'aikata masu albashi, mu da kan sayi shadda mai tsada don rana ɗaya, ina uzurinmu? Akwai wani dattijon baduku da muka sani tun muna ɗalibai. A jajiberen Sallar bara mun same shi zaune da takalma ƙafa kaɗan a gabansa, mafi yawan aikinsa ya koma ɗinke robar da ta tsinke. Muka tambaye shi wa yake koya wa sana'ar. Ya ce 'ya'yansa biyu suna kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, kuma bai ga laifinsu ba. Ranar da ya rufe ido, yadda ake fitar da jan launi daga karan dafi da yadda ake jima da bagaruwa za su bi shi kabari, a unguwarsu dai.

Kira ga 'yan'uwa marubuta

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mun rubuta labaran soyayya ba adadi, kuma da wuya ka sami wanda babu ranar Sallah a cikinsa. Amma a ciki saurayi kan shiga kanti ne kawai ya fito da leda. Ba mu faɗi wa ya yi abin da ke cikin ledar, ba mu san sunan kayan aikin baduku ba, ba mu iya bambance saƙi da gwado da luru. Abin da muka sani game da kasuwar Sakkwato ta 1853, da yawansa daga alƙalamin baƙo muka same shi. Bai kamata jikokinmu su ma su jira baƙo ba.

Shawararmu ƙarama ce, ba ta buƙatar tallafin kowa. Kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi mai sana'a ɗaya a garinsu, ya zauna da shi kafin Sallah mai zuwa da littafi da biro. Ya rubuta sunayen kayan aiki, da matakan aikin, da wanda ya koya masa, da nawa ake sayarwa da da nawa ake sayarwa yanzu. Malamai a cikinmu su ba ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu, mu kuma mun fara da namu. Idan an tashi tafiya kuma, kada a fito hannu sake. A sayi faifai ɗaya ko takalmi ƙafa ɗaya a haɗa cikin kayan Sallah, domin mai sana'a ba ya cin yabo.

Allah ya maimaita mana, ya sa mu ga ta baɗi lafiya.