Baƙin Man Da Ya Dace Da Injin Mota: Bayani Ga Jama'a Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Mota a karkara ita ce ke kai amfanin gona kasuwa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan injinta ya buga, asarar ba ta tsaya kan mai ita kaɗai ba. Daga cikin abubuwan da ke kashe inji tun kwanansa bai ƙare ba akwai zuba masa baƙin man da bai dace da shi ba a lokacin juye. Mun shirya wannan bayani ne domin masu motoci, direbobi, makanikai da jami'an da ke kula da motocin hukuma su san yadda ake karanta rubutun da ke jikin galan, su kuma zaɓi mai bisa sani.

Abin da muke son jama'a su riƙe shi ne, kauri ba shi ne inganci ba. Man da ya dace da kowane inji shi ne wanda kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade.

Aikin baƙin mai a cikin inji

Baƙin mai na shiga tsakanin ƙarafan da ke gogayya, kamar fistin da bangon silinda, ya hana su cin juna. Yana ɗauke zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa. Yana kwashe datti da ɓurɓushin ƙarfe ya kai su filta. Yana taimaka wa rin wajen toshe kafofin da ƙarfin inji zai iya zurarewa, sannan yana hana tsatsa. Famfon mai ne ke tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa ko'ina cikin injin, kuma an auna faɗin waɗannan hanyoyi ne daidai da wani kauri na musamman. Shi ya sa man da ya yi wa wani inji daidai zai iya cutar da wani.

Alama ta farko: lambar kauri

A jikin kowane galan na ƙwarai za a ga haruffan SAE, sai lambobi a gabansu, kamar SAE 40, ko 20W-50, 15W-40, 10W-30, 5W-30 da 0W-20. SAE taƙaitaccen sunan ƙungiyar injiniyoyin motoci ce da aka kafa a Amurka a 1905, kuma ma'auninta ake bi a duniya.

Lambar da ke haɗe da harafin W na nuna yadda man ke gudana lokacin da injin ke da sanyi. Harafin ya fito ne daga kalmar Ingilishi mai nufin lokacin sanyi. Ƙanƙantar lambar na nufin man zai fi saurin isa saman inji da zarar an tayar da mota. Wannan na da muhimmanci ko a ƙasa mai zafi irin tamu, domin a daƙiƙun farko bayan tayar da inji, kafin mai ya zagaya, ƙarafa ke yawan cin juna.

Lamba ta biyu kuwa na nuna kaurin man bayan injin ya ɗauki zafi, kuma ana auna ta ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan mota na tafiya, sai da safe suke bambanta. Mai lamba 50 ya fi mai lamba 40 kauri, shi kuma 40 ya fi 30. Wanda ke ɗauke da lamba ɗaya tak, irin SAE 40, ba a sarrafa shi don sauyin yanayi ba, don haka yakan yi nauyi ƙwarai da asubahin hunturu.

Alama ta biyu: matakin inganci

Bayan lambar kauri akwai haruffan API, wato cibiyar harkokin man fetur ta Amurka, wadda aka kafa a 1919. Idan haruffan da ke biye sun fara da S, man na injin fetur ne. Idan sun fara da C, na injin gas ne, wato dizal. Harafi na biyu ke nuna zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP kuma a 2020. A ɓangaren dizal, CH-4 ya fito a 1998, CI-4 kuma a 2002. A injin fetur, sabon mataki na iya maye gurbin tsoho, amma bai kamata a zuba tsohon mataki a injin da ya buƙaci sabo ba. Wasu galan na ɗauke da alamu biyu, misali CI-4/SL, ma'ana man ya cika sharuɗɗan ɓangarorin biyu. Motocin Turai kuma sukan nemi alamar ACEA, wadda ta ƙungiyar masu ƙera motoci ta nahiyar ce.

Shin zafin ƙasarmu na buƙatar mai mai kauri?

Da yawa daga makanikanmu sun koyi sana'a ne a kan tsofaffin motoci irin Peugeot 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Waɗannan injuna na tafiya lafiya da 20W-50 ko SAE 40, sai abin ya zama al'ada a gareji: kowace mota ta zo juye, mai kauri ake zuba mata, bisa hujjar cewa rana na da zafi.

Gaskiya ne zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu a yawancin Arewa. To amma lafiyayyen inji yana aiki ne a wajejen digiri 90, ko da damina ko da bazara, saboda lagireto da fanka ne ke daidaita zafinsa. Injunan zamani, ciki har da na motocin da ake kira 'yan Kwatano, an ƙera su da matsattsun kafofi, kuma da yawansu na amfani da ƙarfin mai wajen sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Akasarinsu 5W-30, 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta musu. Idan aka zuba musu 20W-50, man zai yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa, mota ta ƙara shan fetur, ta yi nauyin tashi, wani lokaci fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba.

Haka nan kuskure ne a zuba mai marar kauri a injin da aka ƙera don mai kauri. Da zarar ya yi zafi sai man ya tsinke, ƙarfinsa ya faɗi, ƙarafa su haɗu. Wasu kamfanoni sun ba da zaɓi fiye da ɗaya gwargwadon zafin ƙasa, kuma inda aka ba da irin wannan zaɓi babu laifi a ɗauki mafi kauri daga cikin jerin. Fita daga jerin shi ne haɗari.

Idan tsohon inji ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, ƙara masa kauri ɓoye ciwo ne kawai na ɗan lokaci. Maganinsa shi ne a duba rin da sauran kayan da suka gaji.

Inda za a samu lambar da ta dace

Wuri na farko shi ne littafin da ke zuwa da mota. Idan ya ɓace, a duba murfin da ake zuba mai, domin motoci da yawa na ɗauke da lambar a kansa. Idan babu, a nemi littafin ta intanet da sunan motar, shekarar ƙira da nau'in injin, ko a tambayi dillalin kamfanin. A tuna cewa idan an taɓa canza wa mota inji, lambar injin da ke ciki yanzu za a bi.

Babura, injin ban-ruwa da tarakta

Yawancin baburan da muke hawa mai ɗaya ne ke zagaya injinsu da kulocinsu. Man mota na zamani mai sinadarin ƙara santsi na iya sa kulocin ya riƙa zamewa, don haka a nemi wanda ke da alamar JASO MA ko MA2. Ƙananan injuna da ake gauraya musu mai da fetur suna da nasu man mai alamar 2T, kuma baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Tarakta da manyan motocin dizal galibi 15W-40 mai alamar C suke sha. Man giya, wanda ke da lamba irin 80W-90, da man birki, kowanne da wurinsa, kada ɗayansu ya shiga inji.

Lokacin juye da yadda ake yinsa

Littafin mota kan ba da wa'adi biyu, na tuƙi mai sauƙi da na tuƙi mai wahala. Ƙurar hunturu, hanyar burji, lodi mai nauyi da gajerun tafiye-tafiye duk suna cikin na biyu, saboda haka gajeren wa'adin ne namu. Ga man da ba na roba ba, wato wanda ba a haɗa shi ta hanyar kimiyya ba, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga cika, ma'auni ne mai aminci. A canza filtar mai a kowane juye, a kuma duba filtar iska. A gwada mai da sandar geji bayan an kashe mota ta huta a wuri mai daidaito, ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Cika shi fiye da kima na sa ya yi kumfa, ya kuma lalata robobin da ke tare shi. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe injin nan take.

Hattara da jabu

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba shi da lamba, babu kuma mai tabbatar da abin da ke cikinsa. Wani ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran kariya ba, wani kuma tsoho ne aka tace. A sayi galan mai hatimi daga amintaccen wuri, a buɗe shi a gaban mai mota, sannan a huda shi bayan an gama don kada a sake cika shi da jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido kan ingancin irin waɗannan kaya, kuma ana iya kai mata ƙorafi.

Tsohon man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi a gona, kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara.

Kira ga jami'ai

Muna kira ga sassan ayyuka da jami'an sufuri na ƙananan hukumomi da su buɗe wa kowace mota kati, musamman motocin ɗaukar marasa lafiya. A rubuta lambar SAE da matakin API da suka dace da ita, adadin litar da take sha, ranar juye da kilomitar da aka yi shi. A sanya waɗannan lambobi cikin takardar sayen kaya, kada a tsaya ga rubuta “baƙin mai galan kaza”. Muna kuma roƙon hakimai, dagatai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na makanikai su isar da wannan bayani a tashoshi da gareji, domin kuɗin galan ɗaya na man ƙwarai bai kai ko kusa da kuɗin ɗaga inji ba.