Basasar Kano da Ƙasar Gaya

Basasa shi ne sunan da Kanawa suka ba yaƙin da jikokin Sarki Ibrahim Dabo suka gwabza a junansu daga ƙarshen 1893 zuwa 1895. Gadon sarautar birni ake rikici a kai, amma a karkara ɓarnar ta fi sauka, musamman gabas da kudu maso gabas: Takai, Garko, Gaya da ƙauyukan da ke bin ta, inda ƙaramar hukumar Ajingi take a yau.

Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, 'ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Usman, Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe a kan gado, ya bar 'ya'ya da yawa riƙe da sarautu da bayi da dawaki. Da Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe su yana naɗa nasa, ya ba ɗansa Tukur sarautar Galadima, wadda Yusufu ɗan Abdullahi ya taɓa riƙewa. Tukur ya yi suna a yaƙin Argungu a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin zuciyarsa. Da Bello ya rasu a 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, ya ga inda zukatan mutane suka karkata, wato wajen Yusufu. Sarkin Musulmi ya ce Tukur za a naɗa, aka naɗa shi. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai. Daga nan ƙasa ta rabu gida biyu, Tukurawa da Yusufawa.

Abin da ya sa wannan yaƙi ya cancanci nazari shi ne, waɗanda suka hura wutarsa sun san abin da irinsa ke haifarwa, don sun gani da ido. Shekara arba'in kafin nan, Sakkwato ta tuɓe Sarkin Haɗeja Buhari ta ba ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ƙi, ya ƙwace garinsa, ya tarwatsa rundunar da aka tura masa a Gamon Gaffur, ya yi ta kai hari a gabashin Kano har ya rasu a 1863. Wanda ya ja waccan runduna kuwa Galadiman Kano Abdullahi ne, mahaifin Yusufu. A Bauchi ma an yi irin haka wajen 1881, tsakanin Sarki Usman da baffansa Halilu. Darasin a fili yake: idan aka ɗora wa ƙasa sarkin da manyanta ba su yarda da shi ba, talaka ne zai biya. A Kano, Sakkwato ta sake yin abin da ta yi a Haɗeja, ta kuma sami abin da ta samu.

Harin farko da Yusufawa suka kai birni bai yi nasara ba. Tukur ya sa aka kashe waɗanda aka kama, aka bi waɗanda ake zargi da goyon bayan Takai da ƙwace da kisa. Wannan ya ƙara wa Yusufu mabiya maimakon ya rage. Su ma Yusufawa da suka juya kan garuruwan karkara, ba su nuna sassauci ba. Kowane sarki da dagaci sai ya zaɓi ɓangare, kuma duk wanda ya zaɓa, ɗayan zai zo masa da wuta. Gaya, tsohon gari mai ganuwa wanda Kanawa ke cewa daga cikinsa Abagayawa maƙera suka fito suka zauna a Dala, an gwabza a kanta, ta faɗa hannun Yusufawa. Manomin ƙauye ba shi da ganuwa, ba shi da rabo a sarauta. Rumbunsa ake kwashewa a ciyar da dawaki, 'ya'yansa ake kamawa.

Nan ne mafi munin lamarin. Bautar da 'yantaccen Musulmi haramun ce a littattafan da malaman ɓangarorin biyu suke karantarwa, kuma tana cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗora wa sarakunan Haɓe kafin jihadin 1804. Shekara casa'in bayan nan, jikokin masu jihadin suka sami hanyar kewaya hukuncin: kowane ɓangare ya kira ɗayan ɗan tawaye, daga nan dukiyarsa da iyalinsa suka zama ganima. Ilimi bai yi ƙaranci ba, fassara aka sake masa. Wani Bature mai suna Charles Robinson, wanda ya iso Kano a Disamba 1894 ya zauna kimanin wata uku, ya rubuta yadda ya ga ana shigo da kamammu birni, daga cikin ƙasar Kano ɗin kanta.

Yusufu ya rasu a 1894 bai shiga birni ba. Mabiyansa suka naɗa ƙanensa Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce, da fatan Sakkwato za ta fi saurin karɓarsa. Aliyu ya ci Kano a daminar shekarar, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka cim masa a Tafashiya a 1895, ya mutu da raunin da ya samu. Tukurawa suka rasa sarautu da gidaje, kamar yadda 'ya'yan Abdullahi suka rasa a zamanin Bello.

Ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba Damagaram ta kawo mata yaƙi daga arewa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, Aliyu yana can Sakkwato. An kama shi, Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Abbas, shi kuwa Aliyu ya rasu a Lokoja a 1926.

Gidan Abdullahi Maje Karofi ne ke riƙe da sarautar Kano tun daga lokacin, kuma gardamar gado ba ta ƙare a cikinsa ba. A 2019 gwamnatin jiha ta raba masarautar, ta ba Gaya sarki mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke dokar rabon, daga baya aka maido da Gaya a daraja ta biyu, da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A shekarar ce kuma Muhammadu Sanusi na Biyu da Aminu Ado Bayero, dukansu zuriyar Abdullahi Bayero ɗan Abbas, kowanne ya zauna a fada a cikin birni ɗaya, magoya baya suka sake rabuwa biyu. A wannan karon kotu aka kai maganar.