Tsutsar zogala: yadda ake gane ta, da magance ta, da kare garka

Duk wanda ya taɓa shiga garakan zogala na Jirataua, cikin jihar Maradi, ko na bakin kogi a kewayen Yamai, ya san abin da ya fi tada wa mai garka hankali. Yau ganye ya yi shar, bayan ƴan kwanaki sai a tarar da reshe tsirara, kamar an bi shi da wuta. Galibi tsutsa guda ce ke wannan aiki, masana na ce mata Noorda blitealis. Mun tattaro muku bayani kanta, don abin ya shafi mai noma, ya shafi mai saida kwaɗo, ya kuma shafi mu da ke saye mu ci.

Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai duhun launi, da dare yake yawo, shi ya sa ba kowa ke ganin shi ba. Yana zuba ƙwai bisa ganye mai taushi, bayan kwana 3 zuwa 4 su ƙyanƙyashe. Tsutsar na yin sati ɗaya zuwa biyu tana ci, sannan ta sauka ƙasa, ta shige cikin turɓaya ta naɗe kanta. Bayan kamar sati guda ta fito da fiffike, ta koma yin ƙwai. Wato dukan zagayen bai cika wata ɗaya ba. A garkar da ake ban ruwa kuwa ba a rasa ɗanyen toho, don haka abincinta ba ya yankewa.

To yaya za a gane ita ce? A fara duba kan toho, a juya ganye a leƙa bayanshi. Tsutsar ƙarama ce, launinta ya yi kusa da na ganyen, ba ta da gashi. Tana kankare koren ganye ta bar fata sirara mai kama da takarda, kuma tana haɗe ganyaye da zare irin na tautau ta ɓuya ciki, ga ƴan baƙaƙen kashinta nan maƙale. In aka girgiza reshe, sai a ga tana lilo da zare. Wannan ya bambanta ta da fara, wadda ke gutsurar ganye daga baki ba ta barin zare, da kuma gara, da ke cin icce daga gindi ta lulluɓe shi da laka. Ɓarnar akuya kuwa ba ta buƙatar bayani, darni take buƙata.

Nan ne wurin da muke so a saurare mu da kyau. Zogala ba auduga ba ce. Ganyenta ake ci, kuma ana yankan shi akai-akai, musamman cikin watan azumi da kasuwarta ke tashi. Manomin da ya ga dukiyarshi na tafiya yakan ruga kasuwa ya sayo maganin feshi kowane iri, har da wanda ake ce ma piya-piya, ya fesa yau ya yanka jibi. Ba mu ce don mugunta yake yi ba, tsoron asara ne. Amma dafin yana bin ganye har cikin tukunya. Kowane maganin kamfani na da kwanakin da za a jira kafin a yi girbi, a rubuce suke jikin kwalba. Kuma a ƙasashen CILSS, da Nijar ke cikinsu, akwai kwamitin Sahel da ke tantance magungunan da aka yarda a yi aiki da su. Kwalbar da ba ta da takarda, ko aka ɗura mata magani daga wata jarka, a bar ta wurin mai ita.

Maganin da ya fi dacewa da ganyen ci yana nan cikin gari: ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A tsince nunannu, a wanke, a shanya cikin inuwa, a daka. Rabin kilo na garin ake jiƙawa cikin ruwa lita 10, ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi don kar ya toshe bakin famfon feshi, a narkar da ɗan sabulu a zuba don ruwan ya kama ganye. Da marece ake fesawa, saboda zafin rana na kashe ƙarfinshi, kuma a tabbata bayan ganye ya jiƙa. Bedi ba ya kada tsutsa nan take. Hana ta ci yake yi, ya hana ta girma, sai bayan kwana biyu ko uku a ga canji. Mutane da yawa nan suke yanke ƙauna su ce ba ya aiki. A maimaita kowane sati, kuma ya fi cin ƙananan tsutsotsi, don haka kar a jira sai sun ƙoshi. A bar ƴan kwanaki kafin yanka, a wanke ganyen sosai saboda ɗaci. Wasu na ƙara tonka da tafarnuwa, babu laifi. Ruwan taba dai ba mu ba da shawarar shi bisa abin da za a ci, shi ma dafi ne. Akwai kuma maganin da ake kira Bt, na ƙwayar halitta mai kashe tsutsa kaɗai, sai a tambayi malamin gona inda ake samun na gaskiya.

In ɓarna ta riga ta yi nisa, gara a sassabe rassan gaba ɗaya, a fitar da su daga garka a ƙone. Zogala na da saurin toho. Amma sassabe kaɗai bai isa ba, tunda wasu na kwance cikin ƙasa suna jiran fitowa. A bi gindin itatuwan da hauya a tona sama-sama, rana ta gasa su, a saki kaji su tsince saura. Daga nan sai a riƙa leƙa sabon toho sau biyu a sati, ganyen da aka ga ya naɗe a tsinke shi da hannu a murƙushe. In da hali, maƙwabtan garka su tsai da rana ɗaya su yi aikin tare, don malam-buɗe-littafi bai san iyakar garkar wane da wane ba. Wanda abin ya fi ƙarfinshi ya ɗauki reshe guda mai tsutsa cikin leda, ya kai ma ma'aikatan kare tsirrai na gundumarshi su gani da idonsu kafin ya sayi komi.