Ɗumama gidan gilashi ta ramin ƙasa: yadda yake aiki da rigimar makamashin da ke tattare da shi

A ƙasashen da hunturu ke daskarar da ruwa, tsiron ƙasar zafi ba ya rayuwa sai a gidan gilashi, gilashi kuwa ba ya riƙe ɗumi. Ɗaya daga cikin dabarun magance wannan ita ce a haƙa siririn rami a daɓe, a bi da shi ta gindin bangon gilashin. A ciki ake shimfiɗa bututun ruwan zafi, galibi na tagulla mai ɗauke da siraran faranta na alminiyam, sannan a rufe bakin ramin da ragar ƙarfe da za a iya takawa.

Hikimar tana wajen da aka ajiye ramin. Iskar da ta taɓa gilashi takan yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro ta faɗa ramin, ta ɗumama, ta sake tashi a jikin gilashin kamar labule. Da haka sanyi ba ya malalowa kan tsirrai, raɓar da ke taruwa a gilashi tana raguwa, kuma babu na'urar da ta tare haske. Aibinsa sananne ne ga masu lambu: ganye, ƙasa da ruwan ban-ruwa duk cikin ramin suke ƙarewa, don haka sai da magudana da yawan shara.

Dabarar ta daɗe. Gidan Palm House da ke lambun Kew a Landan, wanda aka gina tsakanin 1844 da 1848, an yi daɓensa da ragar ƙarfe, bututun ruwan zafi na bi ta ƙarƙashi. Tukwane 12 ne ke dafa ruwan a ɗakin ƙasa. Ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kimanin mita 150 ake turo kwal, hayaƙi kuma ya fita ta wata hasumiya da aka gina nesa don kada ya ɓata kyan ginin. Ambaliya ta sha cika ɗakin tukwanen. A cikin itatuwan da ake wa wannan hidima har da kwakwar manja ta Afirka ta Yamma.

Abin da ake muhawara a kai yanzu shi ne abin da ke dafa ruwan. Lokacin da farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, manoma da dama a Holan sun rage noman hunturu a gidajen gilashinsu. A 2025 hukumar Kew ta bayyana shirin gyaran Palm House kan kusan fam miliyan 60, inda za a maye gurbin tukwanen gas da na'urorin lantarki masu zuƙo ɗumi daga iska ko ruwa. Sai dai ruwan irin waɗannan na'urori bai kai na tukunya zafi ba, shi ya sa ramukan da ake haɗawa da su kan buƙaci ƙananan fankoki ko ƙarin bututu kafin su ba da ɗumin da ake so.