Gwaiwa

Gwaiwa kumburin jakar maraina ce da ke faruwa idan ruwa ya taru a cikin tantanin da ke lulluɓe da ɗan maraina. A likitance ana kiranta haidirosil. A bakin jama'a kalmar kan haɗa har da ƙaba, wato saukowar hanji cikin jakar maraina, amma likitoci sun bambanta su biyun. Gwaiwa tana warkewa da ƙaramar tiyata.

Musabbabi

Ana iya haifar jariri da gwaiwa, kuma yawanci takan baje da kanta kafin ya kai shekara biyu. A manya kuwa, buguwa ko ciwon maraina na iya jawo ta. A ƙasashe masu zafi babban musabbabinta shi ne tsutsar Wuchereria bancrofti, wadda sauro ke yaɗawa, kuma ita ce ke haddasa tundurmi. Tsutsar kan lalata hanyoyin da ke kwashe ruwa daga sassan jiki, sai kumburin ya bayyana bayan shekaru.

Ganewa

Likita kan haska tocila a jikin jakar. Idan ruwa ne, haske yakan ratsa. Idan hanji ne ko ƙari, yawanci ba ya ratsawa. Ana tabbatarwa da hoton sikanin. Bambancewar tana da muhimmanci domin ƙaba na iya shaƙe hanji ta zama matsalar gaggawa.

Tiyata

Zuƙe ruwan da allura ba ya magance gwaiwa: yakan dawo, kuma ƙwayoyin cuta na iya shiga. A tiyata ana tsaga jakar, a fitar da ruwan, sannan a gyara tantanin. A hanyar Jaboulay, likitan Faransa, ana juya tantanin a ɗinke shi a bayan ɗan maraina. A hanyar Lord, ta shekarar 1964, ana tattare shi da ɗinki. Idan tantanin ya yi kauri, yanke shi ake yi. Sau da yawa allurar kashe zafi ta wadatar, kuma ba a cire ɗan maraina idan lafiyarsa lau.

A Jihar Kebbi

Fadamar kogin Rima, daga Argungu da Gulma zuwa Birnin Kebbi, wurin noman shinkafa ne da kamun kifi, inda sauro ke yawaita. Gwaiwa babba kan hana manomi ko masunci aiki, ta kuma taɓa zaman aure, kunya kuma kan sa mutum ya ɓoye ta shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar tundurmi a shekarar 2000, kuma a Najeriya ana raba ivermectin da albendazole sau ɗaya a shekara a ƙananan hukumomin da cutar take. Ƙungiyar Sightsavers na cikin masu tallafa wa wannan aiki a Kebbi. Magungunan suna dakatar da yaɗuwar tsutsar, amma gwaiwar da ta riga ta fito sai an yi mata tiyata a asibiti.