Lallashin Chamberlain da sojojin Zongo

Neville Chamberlain, wanda ya zama Firayim Ministan Ingila a 1937, mutum ne mai tsananin ƙin yaƙi. Ya ga yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye samarin ƙasarsa, har da ɗan'uwansa Norman, sai ya ƙudurta cewa gara a lallashi Hitila da a sake zubar da jini. A ganinsa, idan aka biya wa Jamus wasu buƙatunta, za ta yi shiru.

Cikin buƙatun nan har da ƙasashen Afirka da aka ƙwace mata, irin su Togo da Kamaru. Wani ɓangare na Togo kuwa tare da Gwalkwas ake mulkinsa, Gana ta yau ke nan. A ranar 3 ga Maris 1938 jakadan Ingila a Balin, Nevile Henderson, ya kai wa Hitila tayin a ba Jamus rabo a tsakiyar Afirka. Babu ɗan Afirka ko ɗaya da aka tuntuɓa. Hitila ya yi watsi da tayin, bayan 'yan kwanaki ya haɗiye Ostiriya. A Satumba aka miƙa masa yankin Sudetenland a taron Munich, Chamberlain ya koma gida yana albishir da zaman lafiya. Shekara ba ta cika ba, ranar 3 ga Satumba 1939, shi da bakinsa ya shelanta yaƙi.

Daga nan lamarin ya iso Zongo, wato unguwannin Hausawa da ke Gwalkwas. Tun zamanin wani Bature mai suna Glover, a 1873, Turawa ke ɗibar Hausawa aikin soja a gaɓar Gwalkwas, har Hausa ta zama harshen bariki, ko da sojan Bagurunshe ne ko Bamoshe. Gwalkwas ta ba da sojoji kimanin 65,000 a Yaƙin Hitila. Sun fafata da Italiya a Somaliya da Habasha, sannan aka kai su dazuzzukan Bama, inda suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan, suka kuma shiga cikin waɗanda suka kama Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa babban barikin Akra ke amsa sunan Burma Camp.

Unguwar Nima ta Akra, wadda Malam Futa mai fataucin shanu ya kafa a farkon shekarun 1930, ta cika ta batse a wannan zamani. Aiki a sansanonin soja da filin jirgin sama ya jawo leburori da masu dafa abinci da masu gadi, bayan yaƙi kuma 'yan mazan jiya suka zo neman matsuguni. Jama'a ta yi ta malala zuwa Maamobi da Kotobabi.

Sai dai alkawarin aiki da fansho mai kyau da aka yi wa sojojin ya zama romon baka. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar Gwamna da ke Osu da takardar koke. Wani jami'in 'yan sanda Bature, Colin Imray, ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Gari ya hargitse, aka tsare Kwame Nkrumah da shugabanni biyar, aka kafa kwamitin Watson ya binciki musabbabin tarzomar. Shekara tara bayan haka, ranar 6 ga Maris 1957, Gana ta karɓi 'yancin kanta.